Kafin Tsiro Ya Yi Kunne Biyu: Abin da Tana Ke Yi wa Iri

Duk wanda ya taɓa yin bedi a fadama ya san abin da ake tararwa da sassafe. Jiya da la'asar ka baje ƙasa sumul, ka barbaɗa iri, ka yayyafa ruwa, ka rufa busasshiyar ciyawa. Yau kana ɗaga ciyawar sai ka ga fuskar bedin ta yi ƙuraje ko'ina: 'yan tulin laka baƙaƙe masu sheƙi, wasu a murɗe kamar taliyar da aka matso, wasu a tsaye kamar 'yar hasumiya. Kashin tana ke nan, shaidar cewa an kwana ana aiki a ƙarƙashin irinka kana barci.

Shekarar da na fara lambu da hannuna na yi bedi biyu kusa da juna, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Na zuba alayyafo a ɗaya, na shuka kuɓewa a ɗayan. Kuɓewa ta fito reras. Alayyafo kuwa ya fito tsilla-tsilla, nan cunkus, can fili fetal. Har na gama yanke wa mai sayar da iri hukunci a zuciyata, sai dattijon da lambunsa ke maƙwabtaka da nawa ya tsugunna, ya ɗauki tulin kashin tana guda, ya murtsuke shi a tafin hannunsa. "Duba nan, ɗana," in ji shi. A cikin lakar ga 'yan ƙwayoyin alayyafo suna ƙyalli, wasu lafiya lau, wasu a farfashe. Na ce, "Baba, ashe cin iri take yi?" Ya ce, "Ƙaramin take ci. Babban ya fi ƙarfin bakinta."

Ban ce tana ce kaɗai ta yi mini ɓarnar ba. Tururuwa ta ɗebi nata, ruwan bokiti ya kwashe wani ya tara a gefe. Amma tun daga ranar na daina gamsuwa da jimlar nan da aka koya mana a aji, cewa tana abokiyar manomi ce, a sa aya. Jimlar gaskiya ce, sai dai gaskiyarta ta fi ƙarfi ne bayan shuka ta kafa saiwa. A tsakanin ranar da iri ya faɗa ƙasa da ranar da tsiro ya tsaya da ƙafarsa, kamar mako biyu zuwa uku, tana na yin aiki irin na rariya: wani iri ta wuce da shi, wani ta tare, wani ta cinye. Wanda bai san da wannan tankaɗen ba zai yi ta zargin iri, ko ruwa, ko hannun wanda ya shuka.

A fara da ita ƙwayar. Iri jariri ne a cikin ɓawo, da ɗan guzurinsa. Kafin ya farka yana bukatar danshi, da iska, da ɗumi daidai gwargwado. Da yawa daga cikin ƙananan iri, musamman na ciyayi da ganyaye irin su latas, suna ƙara da sharaɗi na huɗu, wato haske, ko bambancin zafin rana da sanyin dare da ake ji a kusa da fuskar ƙasa. Hikimar a fili take. Daga lokacin da ya tsage ɓawo har ya kai ga rana, tsiro ba shi da abin ci sai guzurin nan. Ƙwayar masara ko wake tana da abin da zai kai ta sama ko da an binne ta tsawon ɗan yatsa. Ƙwayar alayyafo, wadda faɗinta bai fi milimita ɗaya ko ɗaya da rabi ba, in ta tsage a zurfin santimita biyar, guzurinta zai ƙare a hanya, ta mutu a duhu ba wanda ya gan ta. Shi ya sa masu lambu suke cewa kada zurfin shuka ya wuce kaurin ƙwayar sau biyu ko uku. To, duk halittar da ke iya sauya wa ƙwaya mazauni da santimita biyu kacal, sama ko ƙasa, tana riƙe da rayuwar ƙwayar a hannunta.

Mu da Hausa suna ɗaya muke kiran su, amma nau'o'in tana da aka sani a duniya sun kai dubbai, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Wani masani Bafaranshe, Marcel Bouché, ya kasa su gida uku a shekarun 1970, kuma har yau da rabonsa ake aiki. Akwai 'yan sama, ƙanana jajaye, waɗanda ba sa haƙa rami, suna zaune cikin ruɓaɓɓen ganye da juji. Akwai 'yan ciki, masu fari-fari ko ruwan toka, da ke ratsa ƙasa a kwance suna cin ta suna kasayar da ita a bayansu, da wuya su leƙo waje. Sai masu rijiya, manya, waɗanda ke haƙa rami ɗaya a tsaye, zurfinsa ya kai mita ɗaya ko biyu, su zauna a ciki shekara da shekaru. Da dare sukan fito da rabin jiki, wutsiya na maƙale a bakin rami, su laluba kewaye, su ja duk abin da suka samu zuwa ciki. Fitacciya a wannan gida ita ce ta Turai da masana ke kira Lumbricus terrestris, kuma yawancin abin da aka gano game da tana da iri a kanta aka gano shi.

Ita tana ba ta da haƙori. Abin da ta haɗiya yakan wuce cikin ƙundu, irin na kaza, inda tsoka da 'yan tsakuwoyin yashi ke niƙa shi, sannan ya bi dogon hanji ya fita. Tun 1973 wasu masana biyu a Birtaniya, McRill da Sagar, suka nuna cewa iri na shiga wannan hanya yana fitowa, wani da ransa, wani babu. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da maganar dattijon lambu kusan kalma da kalma: abin da bai kai milimita biyu ba shi ne ya fi shiga baki, abin da ya haura milimita uku kuwa da wuya ya haɗiyu. Ka auna da abin da muke shukawa. Alayyafo, da taba, da yawancin irin ciyawa suna cikin na haɗiya. Albasa, tumatir da gero suna bakin iyaka. Dawa, kuɓewa, wake, gyaɗa da masara sun tsira daga wannan ƙofar.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa hanjin jimina ne, akwai na ci, akwai na zubarwa. Ƙwaya mai laushin ɓawo takan fashe a ƙundu ta narke, ta zama abinci. Ƙwaya mai taurin ɓawo, wadda ruwa ba ya ratsa ta sai an kankare, takan fito da ɗan ƙarzuwa a jiki, kuma wannan ƙarzuwar ce ke buɗe wa ruwa hanya, sai ta riga 'yan'uwanta tsirowa. Masu reno sun san dabarar, su ma sukan goge irin bagaruwa ko na kuka, ko su jiƙa shi a ruwan zafi, kafin su shuka. Bayan haka ƙwayar takan fito ne a naɗe cikin kashi, kuma shi ma kashin fuska biyu gare shi. Yana ɗanye, yana da danshi da sinadarin naitirojin da fosfaras a siffar da saiwa ke iya sha nan take, fiye da ƙasar da ke kewaye da shi. Naitiret, wato wani nau'in naitirojin da ke taruwa a ciki, shi ma yana cikin abubuwan da ke tayar da irin ciyayi da yawa daga barci. Amma bari rana ta doke shi kwana biyu. Sai ya ƙame ya yi tauri kamar tubali, ƙwayar da ke ciki ta zama fursuna, sai ruwan sama mai ƙarfi ko ƙafar dabba ta fasa mata.

Haɗiya ke nan. Binnewa ta fi ta girma, domin ta shafi har irin da bai shiga baki ba.

Charles Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, wanda duniya ta fi sani da wata magana dabam, ya yi sama da shekara 40 yana lura da tana, kuma littafinsa na ƙarshe, na 1881, a kanta ya rubuta shi. Akwai gwaji guda a ciki da nake ganin ya ishi mai tunani. A watan Disamba na 1842 aka barbaza farfasasshen alli a wani fili kusa da gidansa a Ingila, aka bar wurin ba huɗa ba noma. A Nuwamban 1871, bayan shekara 29, ya sa aka haƙa rami, sai ga allin a jere, layi guda, a zurfin inci 7, kusan santimita 18. Ba wanda ya tura shi ƙasa. Tana ce ta yi ta ɗebo ƙasa daga ƙarƙashinsa tana tulawa a samansa, kimanin milimita biyar zuwa shida kowace shekara. Darwin ya ƙiyasta cewa a wurare da yawa a Ingila ƙasar da ke bi ta cikin tana a eka ɗaya ta haura tan 10 a shekara. Shi da kansa ya lura cewa iri da yawa ba su samu tsirowa ba sai don kashin tana ya lulluɓe su, wasu kuma an binne su da nisa har suka yi kwance, suna jiran ranar da wani abu zai tono su.

Manomin gero ya san binne: ka sa iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, ka bar shi yana jira. Tana ma binne take yi, sai dai ba ta da sungumi balle ma'aunin zurfi. Wani ta ajiye shi daidai inda ake so, wani ta kai shi inda ba zai fito ba. Waɗanda suka yi nisa kuma ba duka ke mutuwa ba. Ƙananan irin ciyawa da ke jiran haske sukan kwanta shekaru a can, su zama rumbun iri a cikin ƙasa, wanda garma za ta buɗe wata rana, ko kuma 'yan ciki su haɗiyo su su kasayar a sama. Idan ka taɓa mamakin yadda gonar da ka nome tas bara ta sake cika da ciyawa bana, wani kaso na amsar yana cikin wannan rumbu.

Misalin da ya fi burge ni daga jihar Ohio ta Amurka ya fito. Manoman masara da waken suya a can suna fama da wata ciyawa, Ambrosia trifida, mai tsawon da kan fi mutum, wadda ke shanye rana da ruwa ta bar amfanin gona a inuwa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, bisa lissafi bai kamata ta yi wannan ƙarfi ba. 'Ya'yanta manya ne, ba ta zuba su da yawa kamar sauran ciyayi, kuma in suka kwana a fili, ɓeraye da tsuntsaye da ƙwari kan cinye mafi yawansu kafin bazara. A gonar da ba a huɗa kuwa babu garmar da za ta rufe su. To wa ke shuka ta? Emilie Regnier da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Ohio suka buga amsar a 2008. Tanar Turai ce, mai rijiya. Ƙwayar ta fi ƙarfin bakinta, amma takan kama ta ta ja ta cikin rami kamar yadda take jan ganye. A gwajinsu ta kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na irin da aka ajiye a fili, ta binne shi daga dab da fuskar ƙasa har zuwa zurfin santimita 22. Waɗanda suka yi nisa sun tafi ke nan. Amma waɗanda suka tsaya a saman ramin sun ɓuya daga ɓera, suna zaune cikin taki, ga hanya a buɗe zuwa sama da ƙasa. Sai aka ga mafi yawan tsiron ciyawar daga bakin ramin tana yake fitowa.

Ka lura da abin da wannan ke nufi. Manomin da ya bar huɗa don ya raya ƙasarsa, ya bar kara a gona don tana ta yawaita, ya yi daidai, kuma ƙasar ta gyaru. Amma tanar da ya raya ita ce ke shuka masa babbar maƙiyiyarsa. Ba ta san amfanin gona ba, ba ta san ciyawa ba. Girman ƙwaya da santsinta da ɗanɗanonta kawai ta sani. Tankaɗen nata kan fifita manyan iri, waɗanda binnewa ke yi wa rana, a kan ƙanana waɗanda binnewa ke kashewa, kuma a makiyaya ko dajin da ba hannun mutum, wannan fifikon na iya sauya irin tsirran da za su mamaye wuri bayan 'yan shekaru.

Ko bayan tsagewa ma ba a tsira ba tukuna. An daɗe ana ɗauka cewa tana matacce kaɗai take ci. A 2010 Nico Eisenhauer da abokan aikinsa a Jamus suka nuna cewa mai rijiyar nan na cin iri da ya fara fitar da saiwa, har da tsiron da ya buɗe kunnuwansa biyu na farko, kuma ta fi son na dangin wake, masu yawan naitirojin, a kan na ciyawa. Ruɓaɓɓen ganye abinci ne maras maiƙo. Ɗanyen tsiro kuwa nama ne a wurinta. Wannan bai sa ta zama fara ko gwazarma ba, ɓarnarta ba ta kai nan ba, amma ya isa ya sa mai bedi ya kula.

Daga nan labari ke juyawa, kuma juyawar gaske. Da zarar saiwa ta kai tsawon yatsa, kusan duk abin da tana ta yi a ƙasa ribar shuka ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma saiwa: a ƙasa mai tauri takan bi tsohon ramin tana ta gangara ba wahala, bangon ramin kuma a shafe yake da majina da kashi, wato abinci a bakin hanya. Ruwan sama, maimakon ya kwanta ko ya gudu da ƙasa, sai ya bi ramukan ya nutse. Iska ta shiga. Ɓawon da ƙasa kan yi bayan ruwa mai ƙarfi, wanda ke danne kan tsiro har ya lanƙwashe, ramuka da tulin kashi sukan karya shi. A 2014 Jan Willem van Groenigen na Jami'ar Wageningen a Holand da abokansa suka tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama daga sassan duniya, suka ga cewa a matsakaici kasancewar tana na ƙara amfanin gona da kashi 25 cikin 100. Ƙarin ya fi yawa inda ake barin ragowar amfani a gona, yakan kuma ɓace inda aka riga aka cika ƙasa da takin zamani mai naitirojin, abin da ke nuna cewa babban aikinta shi ne sakin naitirojin ɗin da ke ɗaure a cikin kara da ganye. Wani lissafin da Steven Fonte da abokansa suka fitar a 2023 ya ɗora kimanin kashi 6.5 na hatsin duniya a kan aikin tana, sama da tan miliyan 140 a shekara in an haɗa da dangin wake, kuma a Afirka kudu da Sahara kason hatsin ya kai 10 cikin 100. Waɗannan alƙaluma ba na wasa ba ne, musamman ga wanda buhun taki ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai dai a tuna abin da aka auna: nauyin shuka da yawan abin da aka girba. Ƙwayar da ta narke a ƙundu ba ta zo wurin awo ba.

Inda wannan bambanci ya fito tsirara shi ne dazuzzukan arewacin Amurka, yankin manyan tafkuna, jihohi irin su Minnesota da Wisconsin. Ƙanƙarar da ta taɓa lulluɓe yankin ta kashe duk wata tana, kuma bayan ta janye, sama da shekara 10,000 da suka wuce, daji ya tashi ba tare da ita ba. Ganyen da ke zuba kowace kaka ba mai ja ƙasa, sai ya taru shekara bisa shekara ya zama katifa mai laushi, kaurinta ya kai tafin hannu ko fiye. Duk tsirran dajin a kan wannan katifa suka saba haihuwa. Irin bishiyar mapul, wadda ganyenta ke jikin tutar Kanada, a ciki yake faɗawa ya ɓuya daga ɓera, ya sha danshi, ya tsiro da ƙarshen sanyi, saiwarsa ta haɗu da wani naman gwari mai taimaka mata shan abinci. Sai Turawa suka zo da tana, cikin ƙasar da ake loda wa jiragen ruwa don su daidaita da kuma jikin saiwar itatuwan dashe. Daga baya masu kamun kifi da fatsa suka ƙarasa aikin: a sayi tana a gwangwani, a gama kamu, a juye ragowar a bakin tafki.

Cindy Hale, Lee Frelich da Peter Reich na Jami'ar Minnesota sun bi sawun abin a dajin Chippewa wajen shekara ta 2000. Mamayar na tafiya ne kamar bakin wutar daji mai jan ciki, 'yan mitoci a shekara. A gabanta katifa na nan, ƙasa cike da 'ya'yan mapul da furanni. A bayanta, cikin 'yan shekaru, katifar ta tafi, ƙasa ta fito tsirara, baƙa, mai tauri. Manyan bishiyoyi na tsaye, amma ƙananan da za su gaje su sun yi ƙaranci ƙwarai. Irin da ya faɗo yana fili, rana ta busar, sanyi ya ƙona, ɓera ya gani. Ɗan abin da ya tsiro kuma barewar dajin ta kiwace. Wata ciyawa mai kama da jiji, wadda ba ta dogara da naman gwarin nan ba, ita ke cike gurbin. Yau a Minnesota doka ta hana sakin tana a daji, ana kuma roƙon masu fatsa su zuba ragowar a kwandon shara. Ga kuma wata sabuwa daga gabashin Asiya, mai tsalle kamar maciji in an taɓa ta, wadda aka fara gani a Wisconsin a 2013, ita kuma takan mayar da saman ƙasa tsaki-tsaki, maras riƙo, har ƙaramar saiwa ta rasa abin kamawa.

Abin tausayi ne a ce daji yana tsaye da ganyensa kore alhali haihuwa ta ragu a ƙarƙashinsa. Kuma tanar da ta yi wannan ita ce dai wadda manomin Ingila ke murnar gani a gonarsa. Halinta bai sauya ba. Wurin ne bai san ta ba.

Akwai makamantan haka a ƙasashe masu zafi. A kusa da Manaus a Birazil, inda aka sare daji aka yi makiyaya, manyan injuna da kofaton shanu sun kori yawancin halittun ƙasa, sai nau'i guda na tana 'yan ciki ya mamaye. Kashinsa mai danƙo ya haɗe ya zama ɓawo mai kaurin da ya kai santimita biyar, ruwa ba ya shiga, iska ba ta shiga, ciyawar kiwo ta mutu. An buga wannan a 1999. A daji lafiyayye akwai ƙananan tana da gara da tururuwa masu farfasa irin wannan kashin, sai aikin wannan ya gyara na wancan. A gonakin shinkafa na kudancin Ostareliya kuma wata ƙaramar tana mai son ruwa kan dagula laka, ruwa ya yi duhu, ƙasa ta saki, irin da aka watsa ya kasa kafuwa.

Mu dawo gida. A jigawar Sahel, inda rani ke cin wata bakwai ko takwas, tana ba ta da yawa. Da fata take numfashi, fatar kuma sai da danshi, don haka da ƙasa ta bushe sai ta nutsa ta dunƙule ta yi kwance, ko ta mutu ta bar ƙwai. Lokacin da gero ke tsirowa a ruwan farko, ita ba ta gama farkawa ba, sai wajen marka ake ganin aikinta. A irin wannan ƙasa gara ce ke riƙe da muƙamin. Manoman yankin Tawa da ke haƙa tassa a fako, kamar yadda na Yatenga a Burkina Faso ke haƙa zai, suna zuba ɗan taki a rami ne gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya. Inda maganar tana ta shafe mu kai tsaye shi ne fadama, lambu, gindin bishiya, bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke bi, da gonakin kudu masu yawan ruwa. Binciken da aka yi a Ibadan tun shekarun 1960 ya bayyana nau'o'i biyu da suka yi fice: Hyperiodrilus africanus mai kashi kamar hasumiya, da Eudrilus eugeniae mai kashi tsaki-tsaki. Daga baya, a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, masanin ƙasa Rattan Lal ya nuna cewa barin huɗa da lulluɓe ƙasa da ragowar amfani na ƙara aikinsu sosai. Wato ƙona kara a lokacin sassabe, da kwashe komai a kai wa dabbobi ba a dawo da taki ba, yunwa ce muke sa mata. Magungunan ƙwari irin su kabofuran, waɗanda ake barbaɗawa a ƙasa, kisa suke yi mata kai tsaye.

Ita Eudrilus ɗin nan, 'yar Afirka ta Yamma, yau ana kiwonta a Indiya da Filifin da wasu ƙasashe masu zafi don yin takin tana, kuma a nan ne nake ganin mafita ga mai reno: ka ɗauki kashin, ka bar mai kashin a waje. Clive Edwards da ɗalibansa a Ohio sun yi shekaru suna gwada wannan da tumatir da barkono da furanni. Abin da suka yi ta gani shi ne, in aka gauraya takin tana kaɗan a ƙasar reno, kamar kashi ɗaya ko biyu cikin biyar, tsiro kan fito da kyau ya yi saurin girma, amma in aka shuka a cikinsa zalla sau da yawa sakamakon kan ja baya, saboda gishirin da ke ciki ya yi wa jaririyar saiwa yawa. A Jami'ar Cornell kuma an nuna cewa ƙananan halittun da ke cikin takin na kare tsiron kokwamba daga cutar nan da ke ruɓar da gindin tsiro ya kwanta. Sai dai a kula da abu guda. Takin tana ba ya zafi, saboda haka ba ya kashe irin ciyawa. Kashin shanu cike yake da shi. Sai an fara tula shi ya yi zafin juji sosai, an juya, ya huce, sannan a ba tana; in ba haka ba, ciyawa za ka rena. Haka ma busasshen kashin tana da ake tsincewa a gindin bishiya, taki ne mai kyau in an daka, amma da 'yan baƙinsa yake zuwa.

Yanzu manyan iri kai tsaye nake sa su a ƙasar fadama, kuma in na ga bedin ya yi ƙuraje da safe raina fari yake yi. Alayyafo, latas da albasa kuwa na raba su da ita. Nakan tankaɗe ƙasa da rariya, in haɗa da yashi da ɗan dakakken kashin tana, in zuba a akwatin katako da na ɗora a kan bulo don kada kowa ya hauro daga ƙasa. Irin nakan cakuɗa shi da yashi kafin in barbaɗa, in rufe da abin da bai fi kaurin farce ba, ruwa kuma da gwangwani mai ƙananan huji. Sai alayyafo ya yi ganye huɗu, wajen mako uku, albasa kuma ta kai kaurin tsinken tsintsiya biyu, sannan in dasa su a bedin da na lulluɓe da kara tun kaka, inda ramukan ke jiran saiwarsu.